Babi Na Shida: Amaryar da Aka Kai Nesa

Wanda ya taso daga ƙasar noma ta kudancin Kano, daga Kura ko Garun Malam ko Bunkure, ya biyo titin Zariya, sai ya wuce Na'ibawa da Unguwa Uku kafin ya iso Gyaɗi-Gyaɗi, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake. An kafa asibitin a 1988, kuma nan ake turo majinyacin da ya gagari ƙananan asibitocin karkara. Hanyar da shinkafar Kura da tumatirin Kadawa suke bi su shigo birni, ita marasa lafiyar suke bi. A cikinsu akwai wadda 'yan rakiyarta ba sa son a tsananta musu tambaya: yarinya ce matar aure, ba ta cika ashirin ba, an ce ta sha maganin feshi bisa kuskure. Wani lokaci kuskuren ne da gaske. Wani lokaci kuwa duk wanda ke cikin motar ya san ba kuskure ba ne, kuma tun a hanya aka gama shawarar abin da za a gaya wa likita.

Ba zan kira ta da suna ba, domin ba mutum ɗaya ba ce. Tana iya zama 'yar Magarya ko Matamaye da aka auro daga Nijar. Tana iya zama 'yar wani ƙauyen Zamfara da 'yan bindiga suka tasa, iyayenta suka aurar da ita a inda gudun hijira ya yasar da su, don a rage bakin ci. Tana ma iya zama 'yar ƙasar Kano, amma daga garin da sai an hau mota biyu. Abin da ya haɗa su shi ne an ɗauke ta daga inda aka san ta, aka kai ta gidan gandu inda ba ta da kowa.

'Yan kai amarya sun juya. 'Yar zaman ɗakin da aka bar mata ta yi kwanakinta ta tafi. Daga nan sai aiki. Gidan gandu ba na miji da mata ba ne su biyu: ga uwar miji, ga faccaloli, ga ƙannen miji, wani lokaci ga uwargida. Ranar girkinta tukunyar gida duka za ta ɗora. Tun asuba tana bakin turmi, surfe da daka, domin kafin rana ta take tsaka sai fura ta isa gona. Da kaka kuma ga sussuka, ga sheƙa, ga ɓarar gyaɗa har yatsu su yi kanta. Aikin kansa ba baƙonta ba ne, a gidan ubanta ma da shi ta tashi. Abin da ke cin ta shi ne rashin wanda za ta buɗe wa ciki. Kunya ta hana ta haɗa ido da suruki, ta hana ta kiran sunan miji. In Hausarta ta Damagaram ce a tsakiyar Kanawa, da ta yi magana sai yaran gida su kwaikwaye ta a yi dariya, har ta koyi yin shiru. Ran da ta samu aron waya ta kira gida, ta riga ta san amsar da za ta ji: “Ki yi haƙuri, 'yar nan. Kowa da kika gani da haƙuri yake zaune. Aure ibada ne.”

Sai ciki ya shiga. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma rabin mata sun shiga ɗakin miji tun suna wajen shekara 16, don haka mai jegon fari a ƙauyukanmu sau da yawa yarinya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da larurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, mafi yawa ciwon damuwa. Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne. Barci ya ƙaurace mata, abinci ya fita ranta, ta zauna tana hawaye ba dalili, jariri na kuka ta zuba masa ido kawai. A gidan za a ce iska ce ta taɓa ta, ko sammu ne, ko kuma a ce lalaci ne da shagwaɓa. A kawo rubutu, a kawo hayaƙi. Ba wanda zai ce ciwo ne da asibiti ke da maganinsa, alhali kuwa akwai.

Masu cewa matan da sun fi na yanzu haƙuri, ya kamata su san labarin Baba ta Karo. An haife ta a 1877 a Karo, kusa da Zarewa, a cikin zuriyar Barebari manoma da kakanninsu suka yi ƙaura daga Barno. Tana tsohuwa a Giwa ta ƙasar Zazzau ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, ta ba ta tarihin rayuwarta da Hausa, aka buga shi da Turanci a 1954, shekara uku bayan rasuwarta. Baba ta ga harin bayi, ta ga zuwan Turawa, ba ta taɓa haihuwa ba. Aurenta na fari na zumunta ne, ta yi shi don ta faranta wa mahaifinta, ba don tana son mijin ba. Da zaman ya ƙi, ta fita, ta auri wanda ranta ke so. Aure huɗu ta yi a rayuwarta, kuma ta tsufa da mutuncinta a idon jama'a.

Abin da na ɗauka daga labarinta shi ne yawan ƙofofin da mace take da su a lokacin. Akwai yaji: ta ɗauki mayafi ta tafi gida, miji ya zo biko, manya su zauna a ji laifin kowa. Akwai goyon ciki, inda mai cikin fari take komawa gaban uwarta ta haihu, ta yi wankan jego, ta huta. Akwai ƙawa ta amana, wadda ake ƙulla zumunci da ita da goro da kyauta har mutuwa. Akwai biki da suna da ke fitar da mace ta ga danginta. In duk waɗannan sun gaza, akwai alƙali, akwai hul'i, ta mayar da sadaki ta fanshi kanta. Ba ina cewa zamanin Baba aljanna ba ne. Zamani ne na bauta da yunwa da auren tilas. Amma al'adar da ta ce wa mace ta yi haƙuri, ita ce kuma ta tanadar mata inda za ta nufa ran da haƙurin ya ƙare.

Duk ƙofofin nan kuwa sun ginu ne a kan abu ɗaya: gidan uba yana kusa, kuma akwai hatsi a rumbunsa. Amaryar nesa ba ta da ko ɗaya. Yajin da za a yi sai da kuɗin mota, wa zai ba ta? Wadda aka ƙone garinsu, wane gida za ta koma? Lokacin da aka rufe iyakar Nijeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024, matar da iyayenta ke tsallake ba ta da hanyar ganinsu sai ɓarauniya. Ko da ta isa, uban da har yanzu bai gama biyan bashin kayan ɗaki ba yakan sa ƙaninta ya mayar da ita tun kafin ta sha ruwa ta huce. Mun riƙe wa'azin haƙurin, mun bar ƙofofin sun toshe.

A daidai wannan lokaci kuma wani abu ya shigo gidan manomi wanda Baba ba ta san shi ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 noman rani ya bunƙasa a Kadawa da kewaye, kuma yau da wuya ka shiga gidan manomi ba ka tarar da maganin ciyawa ko na ƙwari ba. Ina ake ajiye shi? Sau da yawa a ɗakin mace, a ƙarƙashin gado ko bayan ƙofa, don yara kada su taɓa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da 700,000 ne ke kashe kansu kowace shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar da maganin gona ne. A 2002 likita Michael Phillips da abokan aikinsa suka wallafa bincike a kan ƙasar Sin wanda ya girgiza masana: a can abin ya ninka sau uku a ƙauye a kan birni, mata sun fi maza, kuma 'yan matan aure na karkara suna cikin waɗanda ya fi ci. Da yawansu ba su daɗe suna shirya abin ba. Faɗa ne ya kaure da miji ko uwar miji, zuciya ta ɗebe su, maganin kuma yana nan kusa. Siri Lanka ta gwada hana shigo da magungunan da suka fi kisa, sai yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015, kuma amfanin gona bai ragu ba. Ma'ana, baƙin cikin da ke ingiza mutum yakan zo ne ya wuce, in bai tarar da makami a hannu ba. A nan gida hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben wani maganin ƙwari mai ƙarfi a 2019, bayan rahotannin matasa da suka hallaka da shi. Mataki ne mai kyau, amma hankalinsa yana kan kantunan birni. Galan ɗin da ke ɗakin matar manomi yana nan inda yake.

To, yaya jama'armu suka ɗauki wanda ya kashe kansa? Amsa mafi gaskiya ita ce da shiru. Bahaushe ba ya son furta abin. Sai a ce tsautsayi ne, santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, ko a ce dama ba ta cikin hayyacinta, ko kawai a ce kwana ya ƙare. Akwai jinƙai a cikin wannan shiru, kuma ban raina shi ba. Yana rufa wa mamaciya asiri, yana kare 'ya'yanta daga gori, yana hana a guji auren ƙannenta. Amma yana rufa wa wasu ma asiri. In tsautsayi ne, ba mai tambayar mijin da ke dukanta, ba mai tambayar uban da ya mayar da ita sau uku, ba mai tambayar wanda ya ji ta ce ta gaji da duniya ya ce ta daina saɓo. Kuma gidan da ba a faɗi abin da ya faru ba, ba a gyara komai kafin a kawo wata amaryar.

Game da addini, hukuncin a fili yake. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta haramta wa mutum kashe kansa, kuma hadisai ingantattu sun yi gargaɗi mai tsanani a kai. Wannan kowane ɗan makarantar allo ya ji shi. Abin da ba a cika karantarwa ba shi ne sauran bayanin. Ayar nan ba ta ƙare ba sai da ta ambaci jinƙan Allah ga bayinsa. Muslim ya ruwaito cewa an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gawar wani da ya kashe kansa, bai sallace shi ba, malamai kuma suka bayyana cewa tsawatarwa ce ga masu rai, ba a hana sauran jama'a yi masa salla ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar nan ta tashi a kanta, ana yi masa wanka, a sa masa likkafani, a sallace shi, a binne shi cikin Musulmi. A maƙabartar Tarauni, kamar sauran maƙabartunmu, babu wani lungu da aka ware wa irin waɗannan mamata. Kuma sananne ne a fiƙihu cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami.

Akwai wata ƙissa a Sahihu Muslim da nake fatan a riƙa karanta ta a wa'azin mata da na maza. Ɗufailu ɗan Amru, mutumin ƙabilar Dausu, ya yi hijira zuwa Madina tare da wani ɗan garinsu. Yanayin Madina bai karɓi mutumin ba, ya kwanta ciwo a baƙon wuri, ya kasa jurewa, ya ji wa kansa rauni a hannu har ya rasu. Ɗufailu ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawan hali, sai dai hannayensa a rufe, ya shaida masa cewa an gafarta masa saboda hijirarsa. Da labarin ya isa ga Annabi, sai ya roƙa wa hannayen ma gafara. Imam Nawawi ya kafa hujja da wannan hadisi cewa wanda ya kashe kansa bai fita daga Musulunci ba, al'amarinsa yana hannun Ubangijinsa. Baƙo ne, marar lafiya, nesa da danginsa, kuma abin da ya samu daga bakin fiyayyen halitta addu'a ce. Duk mai gaggawar yanke wa 'yar mutane wuta a zaman makoki, ya tuna da wannan.

Wulaƙanta gawa da hukunta wanda ya tsira, tarihinsu daga wani wuri ya zo. A Ingila, har zuwa 1823, wanda aka tabbatar ya kashe kansa akan binne shi a mararrabar hanya, a kafa masa turke a jiki. Bayan an daina wannan, sai aka koma binne shi da dare, har zuwa 1882. Dukiyarsa kuma gwamnati ke ƙwacewa, a bar matarsa da 'ya'yansa hannu rabbana, sai a 1870 aka soke hakan. Wannan tunani Turawa suka zuba a kundin laifuffuka na Indiya na 1860. Daga Indiya ya wuce Sudan. Da gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, aka ɗauki kundin Sudan ya zama madubin Final Kod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960. Sashe na 231 a cikinta ya ce wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ana iya ɗaure shi har shekara ɗaya, ko a ci shi tara, ko a haɗa masa duka biyun. Shekara ɗaya tak bayan haka, a 1961, Ingila ta soke laifin a ƙasarta. Mu muka ci gaba da riƙon abin da mai shi ya yar.

Daga ƙofar asibitin Malam Aminu Kano zuwa Titin Kotu, inda kotunan Gyaɗi-Gyaɗi suke, tafiyar ƙafa ce. Ba kowace rana ake gurfanar da mutum a kan wannan sashe ba, amma ba sai an gurfanar ba yake ɓarna. Tsoron 'yan sanda da kotu yana cikin abin da ke sa dangi su tsaya ɗura wa yarinya manja ko madara a gida maimakon su nemi mota, alhali ɗurar kan iya sa ta shaƙe, kuma kowane minti yana da tsada. Yana cikin abin da ke sa a ce wa likita kuskure ne. Likita ya ceto ranta, a sallame ta ba tare da ta ga likitan ƙwaƙwalwa ba, ko da yake akwai sashensu a cikin asibitin, akwai kuma asibitin Dawanau. A mayar da ita ɗakin da ta fito, da mutanen da ta bari, da galan ɗin a inda yake.

Wasu sun riga mu gyarawa. Indiya, inda dokar ta samo asali, ta yi doka a 2017 da ta ce a ɗauki mai yunƙurin a matsayin wanda ke cikin matsanancin ƙunci, a yi masa magani. Gana ta soke laifin a 2023. Jihar Legas tun 2011 ta mayar da hukuncin ya zama umarnin kai mutum asibiti. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma a 2024 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate, ta bayyana aniyar ganin an daina hukunta masu yunƙurin. Amma Final Kod a Kano dokar jiha ce, gyaranta yana hannun Majalisar Dokokin Jiha. Ban ga abin da zai hana ba. Soke ɗauri bai halatta haram ba. Zunubi yana nan a matsayinsa tsakanin bawa da Ubangijinsa, abin da ake nema kawai shi ne a daina tsorata masu kai marar lafiya asibiti. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, saboda haka dole ungozoma da ma'aikaciyar awo ta ƙauye su koyi tambayar mai jego halin da zuciyarta ke ciki, ba nauyin jariri kaɗai ba.

Sauran aikin na gida ne, kuma ba ya jiran majalisa. Malam, in ka aurar da 'yarka nesa, ka sa a riƙa zuwa ganin ɗakinta, ka tabbatar tana da hanyar kiran uwarta ba sai da izinin kowa ba. In ta zo da yaji, ka bar ta ta kwana, ka saurare ta kafin ka saurari masu biko. Maigida, ka fitar da maganin feshi daga ɗakin iyali, ka sa masa kwaɗo a wani wuri, mabuɗin yana aljihunka. Wanda kuma ya ji matarsa ko ƙanwarsa ko maƙwabciyarsa ta ce ta gaji da rayuwa, kada ya ce wasa take, kada ya rufe ta da faɗa. Ya zauna ya tambaye ta, kada a bar ta ita kaɗai a daren nan, gari na wayewa a kai ta asibiti a gaya wa likita gaskiya.